Ella Fitzgerald: Mawaƙiyar da Ba Ta Tare wa Waƙa Hanya Ba

Akwai zargi guda da masu sharhin kiɗa suka daɗe suna yi wa Ella Fitzgerald, mawaƙiyar jaz ta ƙasar Amurka. Sun ce muryarta ta cika tsabta, ba a jin wahala a cikinta. Sukan gwada ta da Billie Holiday, wadda in ta buɗe baki sai ka ce kuka za ta yi. Ya kamata a auna wannan zargi, gama ya shafi abin da ke faruwa a majami'a kowace Lahadi: mai waƙa, kansa zai nuna ko kuwa waƙar?

Da fari dai, ba gaskiya ba ne cewa ba ta sha wuya ba. An haife ta ran 25 ga Afrilu, 1917, a garin Newport News. Ta girma a Yonkers kusa da birnin Niyok, tana zuwa sujada da makarantar Lahadi a ikkilisiyar Bethany ta baƙaƙen fata. Mahaifiyarta ta rasu a 1932. Karatu ya lalace, hukuma ta kai ta gidan horon 'yan mata, daga baya ta yi ta gararamba a unguwar Harlem, ba wurin kwana na kirki. A watan Nuwamba 1934 ta shiga gasar sababbin hannu a gidan wasa na Apollo. Rawa ta yi niyyar yi, amma da ta ga gwanayen da suka riga ta fita, sai ta juya ta yi waƙa, ta kuwa zo ta ɗaya. A 1935 Chick Webb, mai ganga, ya ɗauke ta cikin ƙungiyarsa. Waƙar wasan yara mai suna "A-Tisket, A-Tasket" ta fito da sunanta a 1938. Da Webb ya rasu a 1939, ita ta riƙe ƙungiyar har 1942.

Baiwarta iri biyu ce. Ta fari ita ce salon da ake kira sikat, wato rera sauti kawai ba tare da kalmomi ba, murya tana gasa da masu busa. A birnin Barlin a 1960, tana tsakiyar "Mack the Knife" sai baitoci suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba. Ta ƙaga nata nan take, har ta kwaikwayi muryar Louis Armstrong, faifan kuma ya ci lambar yabo ta Grammy.

Ta biyun ta fi wannan, ko da yake ba ta da hayaniya. Manajanta Norman Granz ya kafa kamfanin faifai na Verve a 1956. Daga wannan shekara zuwa 1964 ta yi jerin aiki guda 8, kowanne na waƙoƙin mawallafi ɗaya ko abokan aiki biyu, irin su Cole Porter da Duke Ellington da Gershwin da ɗan'uwansa. A nan ta ajiye gwaninta gefe. Kowace kalma tana fita sarai, numfashi ba ya yanke magana a tsakiya, murya ba ta kauce wa karin.

Duk da haka masu zargi ba su rasa hujja ba. "Love for Sale" waƙa ce da aka sa a bakin karuwa, amma Ella ta rera ta da taushi har munin abin ya ɓuya. Daɗin murya yakan rufe rauni. Sai dai wanda ya saurari faifan da ta yi a 1950 da Ellis Larkins, murya da piyano kaɗai, zai ji cewa baƙin ciki yana nan, ba ta dai tallata shi ba ne.

Faifan da ya fi kusa da masu bi shi ne "Brighten the Corner", wanda kamfanin Capitol ya fitar a 1967 tare da ƙungiyar mawaƙa ta Ralph Carmichael. Waƙoƙin sujada ne, har da "Rock of Ages" da "What a Friend We Have in Jesus", waɗanda masu bi suka saba da karinsu a majami'un da ake sujada da Hausa. Ba shi ne gwanin faifanta ba. Mawaƙan da ke bayanta sun yi laushi ainun, babu irin wutar da ake ji a bakin Mahalia Jackson, wadda ta ƙi yin waƙa a gidajen rawa. Amma abin lura shi ne, matar da ta iya juya murya yadda ta ga dama ba ta yi wa waɗannan waƙoƙi ado ba. Ta rera su yadda jama'a za su iya bi, kamar yarinyar Bethany ta koma kujerarta.

Manzo Bulus ya gargaɗi ikkilisiyar Koranti a kan sautin da mai ji ba ya ganewa. Shugaban mawaƙa da ke jan murya har kalmomi su nutse, ko mai kiɗan da ya danne Zumuntar Mata da ƙara, yana da abin koyo a nan. Ba dole mai bi ya karɓi kowace waƙar da Ella ta rera ba, gama da yawa na soyayyar duniya ne. Amma ladabin da ta yi wa kalma abin sha'awa ne.

Ciwon sukari ya sa aka yanke ƙafafunta biyu a 1993. Ta rasu ran 15 ga Yuni, 1996, tana da shekara 79, da lambar Grammy 13. Marainiyar Yonkers tana da dalilin yin kuka a kowane faifai, amma ta zaɓi a ji waƙar.