Masu Ɗaure Ƙunshi, Gwanayen da Ke Riƙe da Linux

Ka zauna gaban kwamfuta mai ɗauke da Debian, ka rubuta apt install vlc. Kafin ƙiftawa da bismilla sai ga jeri ya zubo a allo: ƙananan manhajoji birjik waɗanda VLC ba ta motsi sai da su. Ka danna Y, kowace ta sauka ta zauna a gurbinta. Wannan sauƙi ba daga sama ya faɗo ba, gumin masu ɗaure manhaja a ƙunshi ne.

A Debian, mai kula da ƙunshi yakan ɗauko manhaja daga hannun waɗanda suka rubuta ta, ya harhaɗa ta, sannan ya zayyana a wani ɗan fayil mai suna control duk abin da ta dogara a kansa, da waɗanda ba ta ga-maciji da su. Sai ya buga hatiminsa na sirri kafin ya tura ta rumbu, don kada a yi wa jama'a sakiyar da ba ruwa. Ya kuskure layi ɗaya, dubban kwamfutoci sun shiga uku.

A nan ne kowane gidan Linux ke nuna halinsa. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, gidan haƙuri ce. Sabon ƙunshi yakan fara shiga unstable ya yi 'yan kwanaki, in ba a ga babban aibu ba ya wuce testing, sai kusan duk bayan shekara biyu a fitar da stable. Shi ya sa masu kula da sabar ke barci da ido biyu rufe. Daga rumbun Debian Ubuntu ke ɗiba tun 2004.

Arch kuwa, wadda Judd Vinet ya fara a 2002, ba ta jiran ranar kasuwa. Da pacman -Syu kaɗai sabuwar manhaja za ta iso maka da ɗuminta, amma wajibi ne ka riƙa karanta sanarwarsu kafin ka sabunta. Fedora da dnf ɗinta ta tsaya tsakiya, tana fitowa kusan duk wata shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne, yawancin masu wannan aiki a Debian da Arch 'yan sa-kai ne. Ranar da aikinsu ya fi kyau, ranar ce ba wanda ya tuna da su. Yabon gwani ya zama dole.