Kiɗan Mozart da Zancen Basira

A shekarar 1993 waɗansu masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka sa ɗalibai 36 su saurari kiɗan Mozart na minti 10, sa'an nan suka yi musu jarrabawar gane siffofi. Ɗaliban suka ɗan taɓuka, amma ribar ba ta wuce minti 15 ba. Jaridu kuwa suka kambama zancen, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi dala 105,000 domin a ba kowane jariri faifan irin wannan kiɗa.

A 1999 aka sake gwajin a Kanada. Wannan karo aka haɗa kiɗan da labarin da ake karantawa. Waɗanda suka fi son labarin, bayan labarin suka fi ƙoƙari. Masu son kiɗan kuwa, bayan kiɗan. Ashe jin daɗi ne ke wartsakar da hankali, ba sunan makaɗi ba.

Aibin zancen farko shi ne ya ba masu girman kai sanda. Yaro ya yi boko, sai ya ji kunyar a same shi yana sauraron kuntigin Ɗan Maraya Jos, ya koma yabon abin da kunnensa bai gane ba. Wannan rashin amincewa da kai ne. Mai basira yakan faɗi abin da yake so, ya kuma kawo dalili. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.