Tururuwa ce sarauniyar shara? Binciken Borneo bai kai Sakkwato ba

A 2018, Hannah Griffiths da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a mujallar Journal of Animal Ecology. A dajin Maliau da ke tsibirin Borneo, ƙasar Maleshiya, sun zuba ƙananan abinci a ƙasa, sun rage tururuwa a wasu filaye da guba, sun kuma kare wasu abincin da keji don kada manyan dabbobi su taɓa. Sakamako: tururuwa ce ta kwashe kashi 52 cikin ɗari. Inda aka rage ta kuwa, sauran ƙwari sun kasa cike gurbinta.

Tsarin gwajin ya yi kyau, domin sun cire mai aikin ne suka ga abin da ya rage. Matsalar tana wajen masu ɗaukar wannan adadi su ce haka duniya take ko'ina.

Na farko, tururuwa ba ta jure sanyi. Idan kana hawa tsauni mai tsawo, can sama za ka ga ta yi ƙaranci, aikin ya koma hannun ƙudaje, beraye da tsuntsaye. Ashe ko a dutse ɗaya amsar tana canzawa daga gindi zuwa ƙololuwa, balle a Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙasa ta yi rau da tsakar rana.

Na biyu, girman abincin. In ka zuba ɓarɓashi, ai ka shirya gasar da tururuwa za ta ci. Amma mushen jaki fa? Wannan aikin ungulu ne, ita ce ke cinye shi kafin ya ruɓe ya tara cuta. Ga shi tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun da muka saba gani a kwata cikin jerin masu dab da ƙarewa. A Indiya, da maganin diclofenac ya hallaka ungulaye a shekarun 1990, karnukan titi ne suka yawaita a kan mushe.

To wa ke share mana gari yanzu? Gwajin ba ya buƙatar kuɗi masu yawa: keji, ma'auni, gyaɗa da guntun nama. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo za su iya maimaita shi a Dundaye, da rani da damina, dare da rana, mu samu adadin da ya fito daga ƙasarmu.