“Give” ba kullum ba ne “ba”

Yau aikatau na Ingilishi “give” za mu duba, saboda ɓarnar da yake mana a fassara.

Kalma ce tsohuwa. A tsohon Ingilishi “giefan” ake rubutawa, kuma da sautin y ake farawa. Har zamanin marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, “yeve” ko “yive” ake gani a Landan. Wannan g mai ƙarfi ta shigo ne daga bakin mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, masu cewa “gefa”. Jamusawa ma “geben” suke cewa.

Ma'anarta ta asali ba rigima: miƙa wa wani abu ya zama nasa. Matsalar ita ce Bature na jingina ta da suna don gina wani aikin daban, mu kuma sai mu bi shi a makance. Shi ya sa za ka ji a labaran rediyo wai “gwamna ya ba da jawabi”. Wa ya karɓa? Jawabi yin sa ake yi, ko a gabatar da shi. Matasa kuma sun ƙirƙiro “ka ba ni kira”, alhali “kira ni” na nan ba ta yi laifin komai ba. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce “give me a hand”. In ka ce wa Bahaushe “ba ni hannu”, wallahi gaisawa za ku yi, ya bar ka da buhunka a ƙasa. “Kama mini” ko “taya ni” ake cewa. “Give up” kuwa haƙura ce, ko saduda, ko miƙa wuya.

Mu ma fa muna da namu da Bature ba ya faɗa da “give”: ba da haƙuri, ba da baya.

Sai rubutu, inda ake zubar da maki a jarrabawa. “Ya ba ni”, “ya ba da kuɗi”, a rabe suke. In abin ya riga ya gabata, “kuɗin da ya bayar”. “Ya bai wa Audu” ma a rabe, domin in ka haɗe ka rubuta “baiwa”, ka koma maganar kyautar Allah, ko kuma mace da aka bautar.