Doki, Maciji da Sarauniya: Karatun Alamomi a Zanen Damagaram

Wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram zai tarar da bangayen gidaje cike da ado: dagi, takobi, jinjirin wata, da layukan da ke sarƙe juna. Siffar mutum ba ta cika fitowa a nan ba. Ta sami mafaka ne a jikin manyan motocin kaya, da allunan shaguna, da ƙyallen masu zane na zamani, inda zaki da gaggafa da mahayin doki suke ta maimaituwa.

Da yawa daga masu sharhin da suka yi karatu a Turai suna fassara irin waɗannan siffofi da mizanin Carl Jung (1875-1961), wanda ya ce akwai wasu siffofi na asali, kamar jarumi da uwa da dodo, da ke kwance a zuciyar kowane ɗan Adam. Ra'ayin yana da amfaninsa, amma yana da saurin rufe ido. Idan aka zana mahayi yana saran maciji, Bature zai tuna da waliyyi Jorji mai kashe dodo. Bahaushe kuwa rijiyar Kusugu zai gani a Daura, da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya kashe shi ya auri sarauniya. Labarin Bayajida magana ce ta ruwa da sarauta, da yadda baƙo ke zama ɗan gari. Wanda ya tsaya ga kalmar "jarumi" ya zubar da duk wannan.

Ko dokin ma ba ɗaya ba ne. A Damagaram, wadda tushen sarautarta ke haɗe da Barno, mahayi mai rawani ya fi tuna wa mai kallo hawan salla da zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birnin da ganuwa, ya kuma sa aka ƙera igwa.

Misali mafi jan hankali shi ne Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Rubuce-rubucen Faransawa na lokacin kaɗan suka ambace ta. Siffar da ake zanawa yau, mace tsaye da baka da kwari, ta samo ƙarfinta daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Fuskar Aï Keïta ce mutane da dama ke ɗauka ta Sarauniya. Ke nan abin da ake kira siffa ta tun fil azal, a nan an san marubucinta da shekarar da aka haife ta. Wannan bai rage mata daraja ba. Sai dai yana ta da tambaya: me ya sa Sarki Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, shi ma ya rasa ransa a 1899 bayan yaƙin Tirmini, bai sami irin wannan matsayi a idon masu zane ba?

Malamin da ya ɗora irin wannan zane gaban ɗalibansa, gara ya fara tambayarsu wane labari suka ji a gida game da macijin, kafin ya buɗe littafin Jung.