Mat Kilau da Amina: Waƙa a Bakin Mai Ita

Tun da fim ɗin Mat Kilau ya shigo Netflix a watan Satumban 2022 yaran gidan nan suka hana ni sakat. A makarantarsu da ke Gombak kowa ya kalla, har wasan silat suke yi a tsakar gida, wato kokawar gargajiyar mutanen Malesiya. Ranar Asabar bayan sallar isha'i na ce to, a kawo shi mu gani. Da muka gama sai babbar ɗiyata ta juyo ta ce, "Baba, mu ba mu da irin Mat Kilau ne?" Na ce akwai mana, har ma mace ce. Washegari na kunna musu fim ɗin Amina, wanda shi ma yana Netflix tun Nuwamban 2021. Ba a yi minti goma ba ta sake tambaya: "To me ya sa Sarkin Zazzau yake Turanci?" Wallahi sai na rasa ta cewa. Wannan tambayar ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu.

Bari mu fara da na masu masaukinmu. Mat Kilau mutum ne na gaske, ɗan jihar Pahang, ɗan wani jagora da ake kira Tok Gajah. Yana cikin waɗanda suka yi wa Turawan Ingila bore tsakanin 1891 da 1895. An daɗe ana ɗauka ya mutu, sai ga wani tsoho tukuf ya miƙe a masallacin Pulau Tawar a watan Disamban 1969 ya ce shi ne. Gwamnatin Pahang ta kafa kwamiti, aka tabbatar da shi a watan Agustan 1970, kwanaki kaɗan bayan nan Allah ya yi masa rasuwa. Syamsul Yusof ne ya ba da umarnin fim ɗin, Adi Putra ya fito a matsayin gwarzon. An fara haska shi a sinima a watan Yunin 2022, ya tara sama da ringgit miliyan 90, abin da wani fim na ƙasar nan bai taɓa yi ba kafinsa.

Shin ya kai yadda ake zuzuta shi? A ganina bai kai ba. Faɗan dai ya yi kyau, an san ta kan kyamara, kuma sun ɗauko Yayan Ruhian daga Indunisiya, wanda duk mai kallon finafinan duka ya san shi. Amma labarin ba shi da zurfi. Da an ɗan sarara da naushi sai wani ya gyara tsayuwa ya kama huɗuba a kan haɗin kai da kishin ƙasa, kamar mai neman ƙuri'a. Mutanen kirki ba su da aibi ko ɗaya, miyagu kuwa ba su da alheri ko na ƙwayar zarra. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka nuna waɗanda ba Malay ba. Sojojin Sikh da ke aiki a ƙarƙashin Bature an mai da su marasa imani, ɗan kasuwar Sin kuma maci amana, har sai da ƙungiyoyin Sikh na ƙasar nan suka fito suka koka. Mu da muke baƙi a nan, baƙar fata kuma, mun san ɗacin a yi maka kuɗin goro. Na tsayar da fim ɗin na faɗa wa yara cewa ba haka duk mai rawanin Sikh yake ba.

Duk da haka akwai abin da ba za a ƙwace wa fim ɗin ba: da bakin masu shi yake magana. Yawancinsa da harshen Malay ne, da salon girmamawarsu da addu'o'insu. Tsohuwar da ba ta jin Turanci za ta zauna da jikanta su kalla tare, babu mai yi wa wani tafinta. Sirrin cinikin da ya yi ke nan. Mutane sun ga kansu, sun ji kansu.

Yanzu mu dawo kan tamu. Izu Ojukwu ne ya ba da umarnin Amina, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, Ali Nuhu kuma a matsayin Danjuma. In za a faɗi gaskiya an kashe kuɗi, an sha wahala. Dawaki, taron mayaƙa, hasken hoto, duk sun fi abin da muka saba gani, kuma a gasar AMVCA ta 2022 shi ya zama gwarzon fim. Ba na cikin masu cewa wanda ba Bahaushe ba bai isa ya taɓa labarin Amina ba. Tarihi ba gonar gado ba ce. Amma wanda ya ɗauki kayan mutane, wajibi ne ya tambayi yadda ake riƙe shi.

Matsala ta farko harshe. Fadar Bahaushe da magana aka gina ta: kirari, "ranka ya daɗe," fadawa suna amsa wa sarki, maroƙi yana wasa jarumi har tsikar jikinsa ta tashi. Da aka juye wannan zuwa Turanci sai fadar ta zama kango. Ali Nuhu da muka san yadda Hausa take zama a bakinsa, ga shi nan yana furta jimlolin da ba su da gishiri. Abin mamaki, ko ta fuskar kasuwa ba dole ba ne. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar Oscar saboda Turancinsa ya yi yawa, shekarar da ta biyo baya kuma Nijeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa aka yi. Duniyar da ta zauna ta kalli finafinan Koriya tana karanta fassara a ƙasan allo ba za ta gaza kallon na Hausa ba.

Matsala ta biyu ita ce abin da aka zaɓa a nuna. Abin da aka rubuta a kan Amina ba shi da yawa. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Nupe da Kwararrafa suna kawo mata gaisuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo zancenta a Infakul Maisuri. Masana ba su ma daidaita a kan ƙarnin da ta rayu ba, wasu sun ce na 15, wasu na 16. Ke nan dole mai fim ya cike giɓi da tunaninsa, ba laifi. Tambayar ita ce, da me ya cike? Ga ganuwar da har yau ake kira da sunanta, ga hanyoyin fatake, ga goro da ake cewa a zamaninta ya yawaita a ƙasar Hausa. Maimakon a nuna mana yadda mace ta shawo kan sarakunan yaƙi ta riƙe ƙasa, sai aka ba filin faɗa da soyayya kaso mafi tsoka, irin wanda za ka gani a kowane fim na takobi. In ka canza sunayen, labarin zai iya faruwa a ko'ina.

To amma jama'a, laifin wa? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar da Hausa tsantsa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma da aka gyara shi an haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ashe mun taɓa iyawa. Yau Kannywood ta koma YouTube, kuma mu na waje mun fi kowa cin moriya. Izzar So da Labarina su ne ke sa yaranmu jin Hausar da ba ta iyayensu kaɗai ba, Allah ya saka wa masu yin su. Sai dai yawancin labaran ba sa wuce falo, ofis da rikicin aure. Ina fim ɗin Sarkin Musulmi Attahiru da aka kashe a Burmi a watan Yulin 1903? Ina na mutanen Satiru na 1906? Waɗannan tsararrakin Mat Kilau ne, abokin gāba ɗaya suka fuskanta. Kai, har mutum ɗaya ya haɗa mu: Hugh Clifford, wanda yana cikin jami'an da suka murƙushe boren Pahang, shi ne ya zama Gwamnan Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, shi ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Da na faɗa wa ɗiyata haka sai da ta zaro ido.

Masu fim za su ce kuɗi, kuma suna da gaskiya. Doki da sulke ba sa samuwa da kuɗin tallan YouTube. A nan ne namu laifin yake. Mutumin Kuala Lumpur ya ɗebi iyalinsa ya je ya sayi tikiti. Mu kuwa muna biyan Netflix duk wata ba fashi, amma in fim ɗin Hausa ya fito sai mu jira wani ya turo mana shi a WhatsApp kyauta. Akwai manhajojin da ake biya a kalli finafinanmu. Mu nawa ne a nan muka taɓa sa ko ringgit goma?

Shawarata ga iyaye: ku kalli duka biyun, amma kada ku bar yara su kaɗai da su. A Mat Kilau ku nuna musu inda kishi ya zarce ya zama raina wasu. A Amina ku riƙa tsayarwa kuna faɗa musu yadda za a ce abin da Hausa. Ni haka na yi, fim ɗin da bai kai awa biyu ba ya ci mana dare guda. Da muka gama na kira kakarsu a Zariya, lokacin can la'asar ce, na ce Hajiya ga jikokinki suna son labarin Amina. Ta yi dariya ta ce a ba ta su. Sun fi rabin awa suna saurare, ba wanda ya motsa.