4.2 Bijirewar Abu a Littafin Wa Zai Auri Jahila?

Idan aka dubi wannan littafi na Balaraba Ramat Yakubu (1990), za a ga cewa Abu, tauraruwar labarin, ba ta sami kanta ba sai da ta bar gidan da aka kai ta. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta, ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Sai dai wurin 'yar'uwar iyayenta ta gudu, wato dangi ne suka ƙi ta, dangi kuma suka karɓe ta. A nan marubuciyar ta sassauta wa tauraruwarta, domin ba ta nuna makomar yarinyar da ba ta da irin wannan mafaka ba.